Kuɗin sallama da rufe baki: waiwaye kan “départ volontaire”

Yau za mu koma shekarun 1980, lokacin da farashin uraniyom ya faɗi, baitulmalin Nijar ya bushe, Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka ce ma'aikata sun yi wa gwamnati yawa.

A 1987, shekarar da Janar Seyni Kountché ya rasu Ali Saibou ya gaje shi, aka kama shirin PAIPCE. Maganar a taƙaice: ka ajiye aiki da kanka, a damƙa maka kuɗi a dunƙule, ka je ka nemi na kanka. Wasu suka sayi motar haya, wasu suka buɗe kanti, wasu suka faɗa sayen hatsi. Da yawa jarin bai daɗe ba. Wanda ya shekara goma sha biyar yana riƙe alli ko biro, ina shi ina gogayya da Alhazan Maraɗi?

To amma akwai abin da ba mu cika tunawa ba. A Ingila sai an rubuta yarjejeniya, a biya mutum, ya sa hannu ba zai faɗi abin da ya gani ba. Abin ya yi ƙamari a asibitocinsu har a 2013 ministan lafiya Jeremy Hunt ya hana a toshe bakin mai son fallasa abin da ke cutar da majinyata. Mu nan gwamnati ba ta buƙaci sayen shirun ba. Dokar aikin gwamnati ta riga ta ɗora wa ma'aikaci riƙe sirrin aiki, ga mulkin soja, ga kuma tarbiyyarmu ta rufin asiri. Mai ajiye aiki ya tafi da kuɗinsa, ya tafi da abin da ya sani: wa ya taɓa hatsin rumbun gwamnati, ina kuɗin rijiyar garin kaza suka maƙale. Wannan, a ganinmu, ita ce babbar asarar talaka.

Bakuna ba su buɗe ba sai a Babban Taron Ƙasa na Yamai, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, inda kwamitin binciken laifuka ya riƙa kiran manya suna amsa tambaya, mu kuwa muna kewaye da rediyo. Dokar da ta ba ɗan ƙasa haƙƙin neman takardun hukuma kuwa sai a 2011 ta zo, zamanin riƙon ƙwaryar Salou Djibo.