Makunnin tsohuwar mita da masu gyaransa

Duk wanda ya daɗe a teburin gyaran rediyo ya san cewa tsohuwar na'urar awo ba kasafai take mutuwa ta ciki ba. Wayoyinta na nan lafiya, allurarta na motsi, amma makunnin da ake murɗawa a zaɓi awo shi ne ke fara gajiya, domin shi kaɗai hannu ke wahalarwa kullum. Yadda kowane zamani ya ƙera wannan makunni shi ya yanke ko na'urar za ta gyaru ko za ta tafi bola.

A 1923 wani injiniyan gidan waya na Birtaniya, Donald Macadie, ya gaji da ɗaukar mitoci daban-daban zuwa wurin aiki, sai ya haɗa awo uku a akwati ɗaya. Daga nan aka sami Avometer. Samfurinta na 8 ya fito a 1951, da baƙin jiki na Bakelite da makunnai biyu manya a gaba, da madubi a bayan allura don kada ido ya karkace wajen karatu. Ita ce mitar da tsofaffin ma'aikatan waya da na gidajen rediyo a ƙasar nan suka koyi aiki da ita, kuma ni har yau ban ga wadda ta fi ta daɗin murɗawa ba. An ci gaba da ƙera ta har 2008, kuma abin da ya tsayar da ita shi ne wahalar samun ƙananan sassan ƙarfenta, ba rashin masu so ba.

Makunnan wancan lokaci faifai ne a jere a kan sanda ɗaya, na tangaran ko na takarda da aka matse da ƙaro, kowanne da ƙananan harsunan ƙarfe masu rufin azurfa. Ciwonsu sananne ne. Azurfa na yin baƙi idan ta sha iska mai farar wuta, maikon da ke kan sanda na daskarewa, ƙura kuma ta shiga, balle a nan inda hunturu ba ya barin ko rami ɗaya. Idan wuta mai ƙarfi ta yi tsalle tsakanin harsuna biyu, sai ta ƙona hanya a jikin faifan, gawayin ya riƙa ɗaukar wuta, mita ta riƙa ƙarya. Mai gyara yakan kankare gawayin har ya kai lafiyayyen wuri, ya cike ramin da gam. Harshen da ya karye kuwa, a huda ƙusarsa a cire, a ciro wani daga mataccen makunni a dasa. Aiki ne na haƙuri, amma komai a fili yake, ido na gani, hannu na kaiwa.

A Amurka, kamfanin Tektronix da Howard Vollum da Jack Murdock suka kafa a Portland a 1946 ya yi abin da nake girmamawa ƙwarai. Na'urorinsa masu zana igiyar lantarki a kan gilashi suna da sandunan tangaran da ake like sassa a kai, kuma dalmar kasuwa tana ɓata su. Saboda haka sai kamfanin ya riƙa ɗaura ɗan ƙullin dalma mai azurfa a cikin akwatin na'urar, don amfanin wanda zai buɗe ta wata rana. Maƙerin ya san za a yi gyara, ya kuma bar wa mai gyaran guzuri. Littafin kowace na'ura yana ɗauke da cikakken zanen wayoyinta da lambar kowane sashe.

Daga ƙarshen shekarun 1960 roba ta shigo, labari ya canza. Samfurin Tektronix 465 na 1972 yana da wata gangar roba mai ƙusoshi a jiki, idan ta juya sai ta danna siraran harsuna masu rufin zinariya a kan allo. Dabara ce mai kyau, sai dai ba ta son gaggawa. Zinariyar siririya ce ainun, wanda ya goga mata samfefa ya kashe ta har abada. Abin da masu sani ke yi shi ne su jiƙa 'yar farar takarda da sifirit, su zura ta ƙarƙashin harshen, su ja a hankali.

Wadda ta fi ba masu gyara ciwon kai ita ce HP 8640B ta kamfanin Hewlett-Packard, na'urar da ke fitar da siginar gwajin rediyo. Wajen tsaftar sigina ba ta da abin kushewa, shi ya sa har yanzu ake nemanta. Amma faifan haƙoran da ke juya makunnanta roba ne da aka ɗora a kan cibiyar tagulla. Shekaru na tafiya, roba na tsukewa, tagulla ba ta motsi, sai faifan ya tsage. Ƙananan harsunanta ma da narkakkiyar roba aka kafe su, sukan ɓalle su faɗa cikin akwati. Shi ya sa gogaggen mai gyara ba ya girgiza wannan na'ura ko ya hura mata iska kafin ya laluba ƙasanta, domin harshen da ya ɓace ba shi da na sayarwa. Sashen awo na kamfanin ya koma Agilent a 1999, sannan Keysight a 2014, kayan gyaran tsofaffin samfura kuwa sun ƙare tuntuni. Masu sha'awa ne suka cike giɓin: wasu suna sassaƙa sababbin faifai da tagulla, wasu suna buga su da na'urar 3D, wasu kuma su sayi matattu biyu su tayar da ɗaya.

Irin waɗannan na'urori suna nan jibge a ɗakunan ajiya na kwalejojin fasaha da tsofaffin gidajen rediyo, an rubuta musu "ta lalace" alhali harshe ɗaya ne ya karye ko maiko ya daskare. Daga can sai hannun 'yan gwangwan, a fasa su don a ciri jan ƙarfe. Ina roƙon shugabannin waɗannan wurare, kafin ku sa hannu a takardar gwanjo, ku kira mai gyara ya buɗe ya duba makunnin, ku kuma adana littattafansu. Wadda ba ta tashi ba ma a ajiye ta, sassanta za su tayar da wata.