Gyaran Akwati Mai Kala a Ƙasar Katagum

In an gwada sana'ar gyaran talabijin da ƙira ko jima ko dukanci, waɗanda mutanen ƙasar nan suke yi tun kafin a dawo da gadon sarautar Katagum garin Azare a 1916, sai a ce jaririya ce. Amma duk da ƙuruciyarta ta riga su tsufa, domin a cikin rayuwar mutum guda aka haife ta, ta yi tashe, ta kuma soma gushewa, har ya zamana mu da muka ci abinci da ita yanzu sha'awa kaɗai ke sa mu buɗe bayan tsohon akwati mai kala, ba neman kuɗin cefane ba.

Asalin al'amarin daga nesa ya taso. A Ibadan aka buɗe tashar farko a ƙasar nan a watan Oktoba na 1959, Kaduna ta sami tata a 1962 zamanin Sardauna, amma hoton baƙi da fari ne, kuma bai isa iso mana nan ba. Tashar Jos, wadda aka kafa zamanin Jihar Binuwai da Filato, ita ta fara watsa hoto mai launi a tsakiyar shekarun 1970, daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, aka kuma ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, aka haɗe tashoshi duka ƙarƙashin NTA a 1977. Waɗannan sabubba da suka taru wuri guda su suka kawo akwati gidajen malaman makaranta da manyan ma'aikatan En'e da alhazai 'yan kasuwa, kuma da yake Azare tana nesa da kowace tasha, sai an kafa eriya bisa dogon ƙarfe wanda ya ɗara rufin soro, a sa yaro yana juya shi a waje, na ciki suna yi masa kirarin "ya yi, ya yi, tsaya nan", kafin a ga fuskar ɗan wasan kwaikwayo Samanja ta fito daga cikin yayyafi.

Malamanmu na farko masu gyaran rediyo ne, da yawansu kuwa a Sabon Garin Kano ko Jos suka ɗauki karatun daga mutanen Kudu, suka dawo gida da mita da ƙarfen narka dalma da 'yan littattafan zane waɗanda suke ɓoyewa ƙasan akwatin tufafi. Maigidana, Allah ya jiƙansa da rahama, ba ya barin almajiri ya taɓa akwati mai kala sai ya shekara yana share ƙura da tsince dalma, kuma darasin farko da yake bayarwa na tsoro ne, watau cewa kwalbar hoton tana riƙe wuta wajen bolt 25,000 a lokacin aiki, ba ta kuma sakinta duka don an zare waya daga bango. Sai ya ɗaure waya a jikin sukundireba, ɗaya bakin ya maƙala a ƙarfen akwatin, ya sa hannun hagu a aljihu, ya zura bakin sukundireban ƙarƙashin robar nan mai kama da ƙahon wanzami da ke manne a gadon bayan kwalbar, a ji tas, sa'an nan ya ce, "To, yanzu bismilla." A gaban akwatin kuwa kullum akwai madubi a jingine, don mai gyara yana zaune ta baya ne, ta madubin yake ganin abin da hannunsa ke aikatawa.

Abin da ya ɗaukaka sana'ar a wurina shi ne ilmin gane illa daga alama. A wuyan kwalbar akwai bindigogi uku, ɗaya ta ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi, kuma daga haɗuwarsu kowane launi yake samuwa. Saboda haka in fuskar mai karanta labarai ta koma kore, gwani ya san ta ja ce ta yi rauni ko hanyarta ta yanke, in hoto ya tattare ya zama layi guda fari a tsakiya, ya san ɓangaren da ke shimfiɗa shi sama da ƙasa ne ya mutu, in kuwa mai akwati ya ce sai an mare shi yake kawowa, to, dalma ce ta tsage saboda zafi da sanyi, ba aljanu ba. Shunin da ke fitowa a kusurwa yawanci laifin amarya ne da ta jingina lasifikar rediyonta da akwatin, maganaɗisun ciki ya ja launin. Mafi wuya duka shi ne daidaita zobban maganaɗisu na wuyan kwalba har launukan uku su hau kan juna ba tare da gefen mutum ya yi ja da shuɗi ba, aikin da kan ci yini guda, wanda kuma da shi ake sanin almajiri ya isa a yaye shi.

Zamanin da muka fi shan aiki ya zo ne bayan 1986, sa'ad da darajar naira ta faɗi, sabon akwati ya gagari talaka, na hannu suka yi ta kwararowa daga Turai ta kasuwar Alaba da Kano. A nan mas'aloli suka yawaita, domin ƙasashe ba su yi ittifaƙi a kan tsari guda ba. A lokacin Nijeriya tana bin PAL, wanda Walter Bruch ya ƙago a kamfanin Telefunken na Jamus. Nijar tana bin SECAM na Faransa, don haka akwatin da aka sayo ta Maraɗi ko Damagaram yakan ƙi ba da launi a nan. Na Amurka kuwa NTSC ne, wutarsa kuma 110, wanda duk ya cusa shi a bango ba taransifoma sai hayaƙi. Na Ingila ya fi ba da dariya, ga hoto tangaran amma ba murya, alhali maganin wani ɗan abu ne mai ƙafa uku da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, a cire mai lamba 6.0 a sa mai lamba 5.5. Na san waɗanda suka yi shekaru suna ɓoye wannan sirri ga 'yan'uwansu, abin da ban taɓa ganin dacewarsa ba. Da finafinan Hausa suka fito a kaset, tun daga Turmin Danya a 1990, da kuma daren ƙwallon gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, ba ma rufe shago sai an yi sallar Isha'i da daɗewa, ga National da Sharp da Sanyo da Philips jere har bakin titi, mai Sony Trinitron kuwa a gaba ake sa nasa, don hakkin girma.

Wayar salula ta shigo a 2001 ta kwashe mana almajirai, sa'an nan talabijin na bango ya ƙarasa sauran. Ba na zargin yaran, kowa inda abincinsa yake nan ya nufa. Sai dai gyaran yau yawancinsa a cire fanel ne a sa wani, wanda a wurina taƙlidi ne, namu kuwa ijtihadi ne, tunda sai ka bi hanyar wuta ƙafa da ƙafa har ka kama ɗan kondensan da ya bushe.

Masu kawo mini tsohon akwati yanzu ba don rashin na kallo suke kawowa ba. Wani magidanci daga wajen Madara ya sauke wani akwati mai gidan katako da ƙofofi biyu a zaurena, ya ce, "Baba, na marigayi ne, da shi ya dawo daga Hajji. Ko sau ɗaya ne ina so yarana su gan shi a kunne." Na ce masa, "Ɗana, ka ba ni lokaci, kada ka ƙayyade mini rana." Irin wannan ba a haɗa shi da wuta kai tsaye bayan ya shekara ashirin a ɗaki, sai an fitar da sheƙar ɓera da ƙurar hunturu, an sauya kondensoshin da suka kumbura, an sake dalmar ƙafafun taransifomar layi, sa'an nan a ba shi wuta ta cikin ƙwan fitila, in akwai gajeriyar hanya ƙwan ya haska maimakon wani abu ya ƙone. In ya tashi kuma sai a nemo masa abin da zai nuna, da yake tsofaffin nan ramin eriya kaɗai gare su, kuma tun da aka soma sauya watsa shirye-shirye zuwa dijital a Jos a 2016 kwanan tsohon tsari ƙidayayye ne. Dabarar ita ce a haɗa dikoda da tsohuwar na'urar bidiyo, ita kuma ta miƙa masa hoton ta ramin eriyar.

Kwalbar ce kaɗai ba ta da magani. Kamfanonin sun daina ƙera ta, Sony ma ya bar Trinitron tun 2008, kuma in bindigoginta suka gaji, iyakar abin da za a yi shi ne a ɗan ƙara wa filamen wuta, ta yi haske na wasu watanni ta mutu gaba ɗaya. Saboda haka nakan aika jikana wurin 'yan gwangwan ya fanshi duk akwatin da suka tsinto kafin su kai masa guduma, domin su tagullar da ke naɗe a wuyan kwalbar suke so, gilashin kuwa, wanda dalma ke cikinsa, a nan bakin bola suke barinsa inda yara ke wasa. Kwalbar da na sa wa akwatin mutumin Madara daga wurinsu ta fito, a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa biyu ba.