Masu Sama da Masu Ƙasa: Daga Metropolis Zuwa District 9

Akwai wani nau'in fim da Turawa suka daɗe suna shiryawa, wanda ke kintatar yadda duniya za ta lalace nan gaba bayan kimiyya ta bunƙasa. Ɗalibai a nan Wudil suna kallonsa a wayoyinsu don nishaɗi. Amma in aka duba tarihinsa, za a ga maganar talaka da mai hali ce aka sake wa riga.

Kakan waɗannan finafinai shi ne Metropolis, wanda Fritz Lang ya shirya a Jamus a 1927. A cikinsa an raba birni gida biyu. Masu dukiya suna can ƙololuwar benaye suna shan iska, leburori kuwa suna ƙarƙashin ƙasa suna bauta wa injuna, ba su ganin rana. To, ina baƙar fata a wannan birni? Ba a ba shi ko da matsayin lebura ba. Inda za a hango shi kawai shi ne a gidan rawa, yana durƙushe yana ɗauke da mazaunin da mai rawa ta fito daga ciki.

Bajamushe ya ɗauki wannan a matsayin almara. Bakane kuwa da idonsa ya gani. Shekara goma kafin fim ɗin, watau a 1917, gwamnatin Lugga ta kafa dokar tsarin garuruwa, wadda ta ƙarfafa raba mazauni bisa launin fata. Turawa suna unguwarsu ta Nasarawa, baƙi 'yan kudu suna Sabon Gari, mutanen gari suna cikin ganuwa. Ƙa'ida ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin gidan Bature da na ɗan ƙasa, wai don gudun sauro. Har kallon ma an raba shi. Gidajen silima na farko, irin su Rex da aka buɗe a 1937, a wajen ganuwa suke, sai mai kuɗin tikiti. Mutanen garuruwan hakimai irin su Wudil kuwa rabonsu majigi ne, a nuna musu yadda ake noma da tsabta.

Wanda ya fi shafar mu kai tsaye shi ne District 9, na Neill Blomkamp, ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya fito a 2009. Labarin wasu halittu ne daga wata duniya da jirginsu ya maƙale a saman Johannasbag, aka killace su a unguwar bukkoki. Kowa ya gane inda aka dosa: unguwar District Six ta Keftawun, wadda gwamnatin wariya ta mayar ta Turawa zalla a 1966, ta kori mazaunanta. Niyya kyakkyawa ce, ba mu musa ba.

Sai dai fa mai fim ɗin, da ya tashi neman wanda zai ajiye a ƙasan kowa, 'yan Nijeriya ya ɗauko. Su ne masu fataucin makamai da karuwanci, su ne masu sayar wa halittun abincin kyanwa da tsada, har suna cin namansu don neman asiri. Shugabansu kuma aka sa masa suna Obesandjo, wanda ko yaro ya san da wa ake. Halittun nan masu kama da jatan lande an ba su uba mai tausayin ɗansa. Ɗan Nijeriya bai sami ko wannan ba.

A watan Satumba na shekarar, Ministar Watsa Labarai, Dora Akunyili, ta nemi gidajen silima na Abuja su daina nuna shi, ta kuma nemi kamfanin Sony ya ba da haƙuri. Wanda ya fito a matsayin Obesandjo ɗin ma ba ɗan Nijeriya ba ne. Sunansa Eugene Khumbanyiwa, mutumin Malawi.