Daga Aljihun Wa Riba Ke Fitowa?

Kamfanin da aka kafa domin magance wata matsalar al'umma, kuma yake riƙe kansa da ciniki, kyawun niyyar masu shi ba ya isa ya tsare manufarsa. Tambayar da ya wajaba mai tsara shi ya fara amsawa ita ce: daga aljihun wa riba za ta fito, kuma ƙaruwarta tana tafiya ne da sauƙin talaka ko da ƙuncinsa? Bankin Compartamos na Meziko ya faro a matsayin ƙungiyar agaji mai ba mata ƙananan rance. Da ya sayar da hannun jari a 2007, masu jarin farko sun kwashi ƙazamar riba, alhali ruwan da matan ke biya a shekara ya kusa kai uwar kuɗin. Muhammad Yunus na bankin Grameen ya yi tir da lamarin, kuma da gaskiyarsa, domin tsarin da samunsa ke hauhawa da nauyin bashin talaka, ko ba daɗe ko ba jima zai juya wa talakan baya.

Asibitin ido na Aravind, wanda aka buɗe a Madurai ta Indiya a 1976 da gado 11, ya ɗauki wata hanyar. Mai hali ya biya, marar hali a yi masa kyauta ko da rangwame, kuma likitoci ɗaya ke yi wa kowa aiki. Yawan masu zuwa cire yanar ido shi ya karya farashin kowace tiyata, ya kuma goge hannun likitocin, har masu kuɗi suka riƙa neman su. A 1992 asibitin ya kafa masana'antar Aurolab domin ƙera gilashin da ake dasawa a ido, maimakon sayo mai tsada daga waje.

Za a iya cewa ƙauyukanmu ba su da masu halin da za su ɗauki nauyin sauran. Haka ne, amma ana iya ɗaure riba da amfanin talaka ta wata fuskar. Kamfanin Babban Gona, da ya soma aiki a Jihar Kaduna a 2012, yana ba ƙananan manoma iri da taki bashi, ya horar da su, sannan ya tattara masararsu ya nemo mata kasuwa, don haka dawowar kuɗinsa ta rataya ne ga yabanyar manomi. Inda irin wannan tsari ke da rauni shi ne shekarar fari ko tsutsa, kuma tun ranar ƙulla yarjejeniya ya kamata a rubuta kason asarar da kamfani zai ɗauka, kada duka ta faɗa kan rumbun manomi.