Daga Riƙo Zuwa Dashen Ƙwai: Wa Ke Taya Mai Neman Haihuwa Jira?

A ƙasar Hausa, matar da ba ta haihu ba muna da sunan da muke kiranta: juya. Namijin kuwa ba kasafai ake jin nasa sunan ba, alhali likitoci sun tabbatar matsalar kan fito daga kowane ɓangare. Tun kaka da kakanni, mace muke ɗora wa laifin.

Amma magabatanmu ba su bar ta ta ɗauki kayan ita kaɗai ba. Shaida ita ce Baba ta Karo, Bahaushiyar ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. Aure huɗu Baba ta yi, ba ta taɓa haihuwa ba. Duk da haka ta yi renon 'ya'yan da aka ba ta, ta tsufa ana girmama ta. Riƙo ne ya yi mata wannan rana. Kunyar ɗan fari kan sa a miƙa yaro ga kaka ko gwaggo bayan yaye, kuma wadda ba ta da nata ita ake fara tunawa. Ko Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, amma ana yi mata alkunya da Ummu Abdullahi, sunan ɗan yayarta Asma'u. Rubutun sha da saiwoyi ba lallai su kawo ciki ba, sai dai dangi sun san halin da ake ciki, suna taya jira.

Sai zamani ya juya. A 1978 aka haifi Louise Brown a Ingila, jaririyar farko da aka haɗa ƙwanta a ɗakin gwaji. A 1998 aka haifi Hannatu Kupchi ta wannan hanya a Abuja, a hannun Dakta Ibrahim Wada. Yau ma'aurata daga Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura na iya kama hanyar manyan birane neman wannan magani. Aiki ne mai cin rai: allurai kullum na kwanaki, a ciro ƙwai, a haɗa da maniyyin miji, a mayar mahaifa, sannan a zauna kusan mako biyu ana jiran sakamako. Miliyoyin naira yake ci, kuma sau da yawa gwajin farko ba ya kamawa.

Abin da ya sauya shi ne yanzu a ɓoye ake yi. Gudun bakin mutane kan sa mace ta ce dubiya za ta je birni. Idan bai kama ba, ta dawo ta yi kukanta a ɗaki, a wurin suna kuma a tare ta da "Har yanzu shiru?" ko a yi mata habaici da kishiya.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar haihuwa a rayuwarsa. Ke nan da wuya a sami zuri'ar da babu mai wannan jira. Asibiti ya kawo maganin da zamanin Baba bai samu ba, amma rakiya har gobe aikinmu ce: miji ya yarda a gwada shi, uwar miji ta kama bakinta, 'yar'uwa ta zauna kusa ranar da sakamako zai fito.