Tarihin Sunan Podaxis da Matsalar Fassara Shi

Bayan ruwan damina, a ƙasa mai rairayi irin ta kewayen Difa da gaɓar Komadugu, akan ga wani tsiro fari, tsawonsa kamar taƙi guda, mai kama da taɓarya. Masana suna kiransa Podaxis. Kansa ba ya buɗewa kamar na laimar kwaɗi. A rufe yake bushewa, ya cika da baƙin gari, wanda shi ne irinsa. In ɓawon ya tsage, iska ta watsa shi.

A 1771 Linne, masanin Suwidin, ya bayyana wani samfuri daga Indiya, ya raɗa masa Lycoperdon pistillare, wato mai siffar taɓarya. A 1809 Bafaranshe Desvaux ya ware masa dangi na kansa, bisa samfurin da aka samo daga Senegal, ya haɗa kalmomi biyu, ƙafa da ginshiƙi. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna daga baya cewa Linne ya yi kuskure: zumuncinsa ya fi kusa da masu laima.

Aikinsa ruɓar da matattun ciyayi, ya mayar wa ƙasa da taki. A wasu wurare a kan suri yake fitowa.

Mu masu shirya littattafan yaƙi da jahilci, “naman kaza” muka saba rubutawa, amma wannan suna ya game dangi da yawa. A ganina, kafin a ƙaga sabuwar kalma a Yamai, a fara tambayar manoman tattasai na bakin kogi, da Barebari da Fulani da Tubawa, yadda suke kiransa.