AWA BIYAR KACAL: YADDA ƊALIBAN LIKITANCI SUKA SA AKA GYARA DARASI A AMURKA

Na san batun yau mai zafi ne, amma don Allah a daure a karanta har ƙarshe kafin a fara jifa. Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan aikin malamai ne. Tarihi zan kawo, na yadda wasu ɗaliban likitanci a Amurka suka matsa wa makarantunsu lamba kan koyar da kula da majinyata masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi.

Har zuwa farkon shekarun 1970, kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka yana lissafa neman jinsi ɗaya cikin cututtukan taɓin hankali. A 1972, a taron ƙungiyarsu a birnin Dallas, wani likita mai suna John Fryer ya hau mumbari da fuskar roba da gashin aro da na'urar sauya murya, ya ce shi ma yana cikinsu, kuma likitan ƙwaƙwalwa ne. Ya rufe fuska ne saboda an taɓa korarsa daga wurin aiki kan haka. A Disambar 1973 ƙungiyar ta cire batun daga jerin cututtuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta bi sahu ba sai 17 ga Mayu, 1990.

Sai ga ƙanjamau. Ranar 5 ga Yunin 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wasu samari biyar a Los Angeles da ke fama da wani ciwon huhu da ba a saba gani ga matasa ba. Tsoro ya shiga asibitoci, har ta kai wasu ma'aikata na ajiye wa majinyaci abinci a bakin ƙofa su juya. A 1983 babban asibitin San Francisco ya buɗe sashe na musamman don masu cutar, kuma ma'aikatan jinyar da suka riƙe shi su suka kawo kansu.

To ina ɗalibai a ciki? A 2007 wasu ɗaliban likitanci a jami'ar Stanford, cikinsu akwai Juno Obedin-Maliver da Mitchell Lunn, suka lura ba a koya musu wani abin kirki a kan waɗannan majinyata ba. Maimakon zanga-zanga, sai suka yi abin da manyansu ba za su iya musantawa ba: suka ƙirga. Suka aika tambayoyi ga shugabannin makarantun likitanci 176 na Amurka da Kanada, 132 suka amsa gaba ɗaya. Sakamakon ya fito a mujallar JAMA a 2011. A tsawon karatun likita duka, matsakaicin lokacin da ake ba batun awa biyar ne. Kashi ɗaya cikin uku na makarantun ko minti ɗaya ba sa ba shi a shekarun da ɗalibi ke zagayen asibiti.

Shekara uku bayan nan, a 2014, ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka ta fitar da jagorar abin da ya kamata kowane ɗalibi ya iya a wannan fanni, jami'ar Louisville ta fara gwada ta a 2015.

Me suke nema a koyar? Abubuwa ne na asibiti zalla. Yadda likita zai tambayi tarihin majinyaci ba tare da ya kunyata shi ba. Wa ke buƙatar gwajin ƙanjamau akai-akai da rigakafin ciwon hanta. Cewa macen da ba ta hulɗa da maza ita ma tana buƙatar gwajin kansar bakin mahaifa. Cewa mai shan sinadarin estrojin na iya samun daskarewar jini a jijiya. In likita bai tambaya ba, majinyaci kuma ya ji tsoron faɗa, ai an yi ba a yi ba.

Mu ma abin ya taɓa mu ta wani gefe. Bayan sa hannu kan dokar hana auren jinsi a Najeriya a Janairun 2014, wani bincike da aka yi a Abuja, wanda ya fito a mujallar Lancet HIV a 2015, ya nuna masu tsoron zuwa asibiti cikin irin waɗannan maza sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari. Wanda ya guji asibiti da cuta a jikinsa, gida yake komawa da ita, wani ma yana da mata da 'ya'ya.

Kowa ya san matsayin addininmu, ba shi nake jayayya da shi ba. Amma likita ba alƙali ba ne. Ɗan fashi ma in an kawo shi da harsashi a ciki, sai an cire masa kafin a kai shi kotu. 'Ya'yanmu da ke karatun likita su sani, ranar da majinyaci ya zauna gabansu, amanarsa ce a wuyansu: su tambaya, su rufa asiri, su ba da magani.

Mai ra'ayi daban ya faɗa a ƙasa, amma ban da zagi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.